Ƙananan na'urori masu magana da juna: yadda ake tsara su don ƙasa irin ta Maraɗi

Yawancin kwamfutocin da ke aiki a duniya yau ba su da allo, ba su da madannai, ba kuma wanda ke zama a gabansu. A cikin wasu kayan suke ɓoye: cikin mitar wutar da ke liƙe a bangon gida, cikin akwatin da ke kula da cajin batirin sola, cikin firijin ajiye alluran riga-kafi, cikin injin mota. Kowace ɗaya ɗan guntu ne da aka rubuta wa aiki guda, yana yin sa dare da rana. Idan aka ba irin wannan guntu hanyar aika saƙo da karɓar umarni, sai a ce na'urar ta shiga cikin haɗakar na'urori, kuma tsara yadda ɗaruruwansu za su yi aiki tare fanni ne mai zaman kansa a ilimin injiniya.

Wanda ya fi shahara wajen hango wannan zamani shi ne Mark Weiser, mai bincike a cibiyar Xerox PARC da ke Kalifoniya a Amurka. A 1991 ya wallafa maƙala a mujallar Scientific American, inda ya yi hasashen cewa kwamfuta za ta sauka daga kan tebur ta bazu cikin kayan yau da kullum, har mutane su daina lura da ita. A 1999 kuma wani ɗan Ingila, Kevin Ashton, ya fito da sunan da ya bi duniya, wato intanet na kayayyaki. To amma waɗanda suka fara zana irin waɗannan tsare-tsare sun yi su ne a inda wuta ba ta ɗaukewa, rezo kuma ba ya yankewa. A Maraɗi da kewayenta lissafin daban ne, kuma wannan bambanci shi ke nuna ainihin gwanintar mai tsarawa.

Fadamar Jiratawa, da ke 'yan kilomitoci kudu da birnin Maraɗi a gefen Gulbi, misali ce mai kyau. An shimfiɗa filin noman rani a can a farkon shekarun 1980, ya haura hekta 500, hukumar ONAHA da ƙungiyar manoma ke kula da shi. Ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, injinan lantarki ne ke jawo shi daga rijiyoyin burtsatse zuwa magudanai, ya shayar da zogale da masara da tumatir da albasa. Saboda haka duk sa'ar da inji ya yi yana aiki kuɗi ce da manoma za su biya, duk ruwan da ya malale a banza kuma asara ce biyu, ta ruwa da ta wuta. Idan za a sa wa wuri irin wannan na'urori masu haɗi, hawa-hawa ake gina su. A can ƙasa akwai ma'aunai: ɗaya a binne yana jin damshin ƙasa, ɗaya a cikin rijiya yana auna zurfin ruwa, wani a kan bututu yana ƙidaya abin da ya wuce. Kusa da su akwai guntun da ke karanta awon, da makunnin da ke tayar da inji ko ya kashe shi. Sama da wannan sai mahaɗa, akwati guda a kan dogon ƙarfe mai tattara saƙonnin fili duka ya tura su gaba. Daga nan sai babbar kwamfutar ajiya, wadda za ta iya kasancewa a Yamai ko a wata nahiya. A ƙarshe sai mutum, da salula a hannunsa.

Babbar tambayar fannin ita ce: a wane hawa za a ajiye hukunci? Akwai kamfanonin da ke tura komai zuwa babbar kwamfuta, ita ce za ta duba awo ta ce a kunna ko a kashe. Hakan ya fi musu sauƙin rubutawa da sauƙin sayarwa. Amma a ce ruwan rijiya ya ja baya da tsakar rana, inji yana zuƙar iska, rezo kuma ya ɗauke. Inji mai nutso a cikin rijiya da ruwan da yake ja yake samun sanyi, in ya yi ta juyawa a bushe zai ƙone. Umarnin da zai cece shi bai kamata ya jira saƙo ya je wata ƙasa ya dawo ba. Ƙa'ida mai kyau ita ce duk hukuncin da jinkirinsa ke jawo ɓarna a bar shi a hannun guntun da ke bakin rijiya. Abin da ake turawa sama shi ne wanda ke iya jira: tarihin awo, lissafin kuɗin wuta, kwatanta ruwan bana da na bara. Na'urar kuma ta riƙa ajiye awonta a cikinta tare da lokacin da aka ɗauke shi, in rezo ya dawo ta aika abin da ya taru.

Batun wuta ne ke biye. Kaso mai yawa na lantarkin Maraɗi daga Najeriya yake shigowa, ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin CEDEAO, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, birane irin su Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga karɓa-karɓa na sa'o'i masu tsawo, ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Na'urar da aka gina bisa zaton wuta za ta kasance kullum ta zama kwalliya a waɗannan watanni. Shi ya sa mai tsarawa ke fara lissafi daga batir. Guntu irin ESP32, da kamfanin Espressif na ƙasar Sin ya fitar a 2016, in yana barci wutar da yake sha ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na wadda yake sha in rediyonsa na aiki ba. Guntun da ke kiran rezon salula kuwa yakan fizgi har amfiya 2 na ɗan ƙiftawa a lokacin aika saƙo. Dabarar ke nan: na'ura ta yi barci mafi yawan yini, ta farka bayan kowace rabin sa'a ko sa'a guda, ta auna, ta aika 'yan lambobi, ta koma. Da haka ƙaramin faifan sola ke isar ta.

Zaɓen hanyar aika saƙo ma ciniki ne tsakanin nisa da yawan bayani da cin batir, ba a samun ukun a wuri ɗaya. Wi-Fi na ɗaukar bayani da yawa, amma ba ya wuce farfajiyar gida, ga cin wuta. Rezon Airtel ko Moov Africa ko Zamani Telecom ko Niger Telecom na kaiwa nesa, sai dai kowace na'ura na buƙatar layinta da kuɗin da za a riƙa zuba mata, kuma layin da aka manta da shi kamfani na iya rufe shi. A tsakani akwai fasahar LoRa, wadda aka ƙirƙira a birnin Grenoble na Faransa, kamfanin Semtech ya saye ta a 2012. Saƙonta gajere ne ƙwarai, 'yan gomman haruffa, amma a fili marar dogayen gine-gine yana tafiya kilomitoci da dama da wuta kaɗan. Ga fadama shimfiɗaɗɗiya irin ta Jiratawa, tsarin da ya fi ma'ana shi ne ma'aunai su yi magana da mahaɗa ɗaya ta LoRa, ita kaɗai ta riƙe layin salula. Ko ƙa'idar shirya saƙon da aka fi amfani da ita a wannan fanni, MQTT, a irin wannan ƙunci aka haife ta: a 1999 Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper suka tsara ta don sa ido kan bututun mai a daji, inda kowane harafi da aka aika ta tauraron ɗan'adam kuɗi ne.

Nijar tana da nata gwanin a wannan fage. Abdou Maman Kané ya ƙera tsarin ban-ruwa daga nesa, inda manomi ke kiran akwatin da ke gonarsa da salula, ya kunna inji mai aiki da hasken rana ko ya kashe shi, ko ya tsara masa lokaci. Aikin ya samu kyautar kamfanin Orange a 2011, sannan babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015, a taron ruwa na duniya da aka yi a Daegu ta Koriya ta Kudu. Hikimar da ke ciki ita ce ya gina tsarin a kan abin da manomi ya riga ya mallaka kuma ya iya. Kira da gajeren saƙo suna shiga inda intanet ba ya shiga, ƙaramar salula mai madannai ma ta wadatar.

Mitar wuta ta biya-kafin-ka-sha ta ma fi haka dabara. Yawancin irin waɗannan mitoci a Afirka suna bin ƙa'idar STS da ta samo asali daga Afirka ta Kudu. Mai gida ya biya kuɗi, a ba shi lamba mai alƙaluma 20, ya danna ta a jikin mita, wuta ta shigo. Mitar ba ta buƙatar rezo ko kaɗan, domin lambar ita ce saƙon, a kulle da mabuɗin sirri wanda mitar nan kaɗai ke iya buɗewa, mutum kuma shi ne ɗan aike. Sai dai wannan tsari ya koyar da wani darasi. Kowace lamba na ɗauke da ƙidayar mintoci da aka fara daga farkon 1993, kuma gurbin da aka ware wa ƙidayar ya cika a ranar 24 ga Nuwamba 2024. Dole kamfanonin wuta a ƙasashe da dama, har da Najeriya, suka bi miliyoyin mitoci da lambobin sabuntawa kafin ranar. Ƙaramar shawara da injiniyoyi suka yanke a kan takarda ta dawo bayan shekara talatin tana neman a biya ta. Salula ana canza ta bayan 'yan shekaru, amma mita ko akwatin rijiya na iya shekara goma sha biyar a wurinsa, don haka tun ranar zane ake tanadar hanyar sabunta shi.

Gulbin Maraɗi kansa wani fage ne da irin waɗannan na'urori za su yi amfani. Daga Najeriya yake tasowa, ya bi ta madatsar Jibiya a jihar Katsina, ya ratsa yankin Madarunfa, ya wuce Jiratawa da Maraɗi da Tibirin Gobir, ya nufi Gidan Rumji kafin ya sake komawa Najeriya. Ambaliyarsa ta 1945 ce ta rushe tsohon garin Maraɗi, aka tashi aka koma kan tudu. Ruwan da ya cika a sama yana ɗaukar sa'o'i kafin ya iso ƙasa, kuma waɗannan sa'o'i su ne dukiyar tsarin gargaɗi. An gwada haka a yammacin Nijar a kan kogin Sirba, inda aka kafa tashoshin awo masu aika tsayin ruwa da kansu. A nan ƙa'idar barci da farkawa tana sauyawa: da rani na'urar na iya yin shiru kusan yini guda, da damina kuwa in ruwa ya fara hawa sai ta riƙa aikawa bayan 'yan mintoci. Hawan ƙarshe na tsarin, wato mutum, shi ne ya fi wuya. Lambar da ta tsaya a allon wani ofishi ba ta kwashe kowa daga bakin gulbi. Sai saƙon ya isa ga mai gari da gidan rediyo da lasifikar masallaci, da Hausa, kuma an riga an san wanda zai ce a tashi.

Sai yanayi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi na haura digiri 40 a inuwa, cikin rufaffen akwati da ke rana kuwa ya fi haka nesa. Batirin dalma da ke zaune cikin irin wannan zafi yana mutuwa tun kafin wa'adin da aka rubuta masa, domin a digiri 25 ake auna wa'adin. Ƙurar hunturu na lulluɓe faifan sola ta rage ƙarfinsa, damina na zuwa da tsawa da laima, gara da ɓeraye na cin waya, awaki na tauna abin da suka samu. Farin akwati a inuwa, da waya a cikin bututu, da yaron da aka ɗora wa share faifai duk mako, suna cikin tsarin kamar yadda guntu yake ciki.

Tsaro ma ba a barin sa sai daga baya. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin intanet na gida, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da masana'anta ke sakawa waɗanda masu saye ba su canza ba. Da su aka kai harin 21 ga Oktoba na shekarar, wanda ya hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix. Akwatin da ke karɓar umarni daga kowace lamba, kowa na iya kashe wa maƙwabcinsa ruwa ko ya kwarara masa shi. Kowace na'ura na buƙatar mabuɗinta, da jerin lambobin da take saurara, da makunnin hannu da manomi zai murɗa in komai ya tsaya.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan ayyuka a karkara shi ne ranar da aikin tallafi ya ƙare, injiniyan da ya kafa ya tafi, kuɗin layi ya ƙare, ba wanda ke da kalmar sirri. Maraɗi ba ta rasa hannu ba. Akwai masu gyaran salula da na sola a kasuwanninta, akwai ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, akwai masu binciken noma na INRAN a Tarna. Tsarin da aka haɗa da kayan da ake samu a kasuwar Maraɗi ko ta Kano, aka bar zanensa a buɗe, aka kuma rubuta a yarjejeniya cewa awon ruwan da aka tara mallakar ƙungiyar manoma ne, shi ne mai gyaruwa in ya lalace. Wanda sai an aika wata ƙasa kafin a buɗe murfinsa, bai dace a kafa shi a bakin rijiyar Jiratawa ba.