Ƙwaƙwalwar yaro: abin da ya tabbata da abin da aka ƙara wa gishiri

Ana yawan cewa jariri ba ya gani sai ya yi arba'in. Ba haka ba ne. Tun ranar haihuwa yana gani, sai dai dishi-dishi, kuma ya fi tantance abin da ke tazarar santimita 20 zuwa 30, kusan nisan fuskar uwa lokacin shayarwa.

Akwai kuma masu cewa da yaro ya cika shekara 5 ƙwaƙwalwarsa ta gama ginuwa, abin da bai samu ba ya wuce shi ke nan. Rabin maganar gaskiya ce. A wajen shekara 5 zuwa 6 ƙwaƙwalwa kan kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum. Amma sashenta na gaba, mai kula da tsara al'amura da danne zuciya, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20.

Masu jadawalin "a wata kaza dole yaro ya iya kaza" sukan fake da Jean Piaget, masanin ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1980. Shi ya ce daga haihuwa zuwa shekara 2 yaro da hannu da baki da ido yake sanin duniya. Daga 2 zuwa 7 magana da wasan 'yar tsana ke bunƙasa, amma ido ne ke jan hankali. A juye kunu daga faffaɗan kofi zuwa siriri mai tsawo a gaban ɗan shekara 4, zai rantse kunun ya ƙaru. Wannan an gwada shi a ƙasashe da dama, kuma haka yake. Inda aka yi wa Piaget gyara shi ne lokutan da ya yanka. A shekarun 1980 wata mai bincike, Renée Baillargeon, ta nuna alamun cewa jariran da ba su kai wata 6 ba sun san abin da aka ɓoye yana nan, alhali shi ya ɗauka sai wajen wata 8. Jadawalin da mai shi ma bai tsira daga gyara ba, bai kamata a kira ɗan wani daƙiƙi da shi ba.

Cewa harshe biyu na rikita yaro, wannan ƙarya ce. Mai jin Fulatanci a ɗaka da Hausa a waje zai cakuɗa su na ɗan lokaci, daga baya ya raba. Ƙwai ma ba ya koya wa yaro sata, gina shi yake yi.

Abin tsoro na gaske shi ne tamowa daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2, da ƙarancin aidin, wanda shi ya sa ake saka shi a gishiri, da gubar dalma. A 2010 dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, waɗanda suka rayu kuma da yawa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Yaron da ya kai wata 18 bai furta kalma ko ɗaya ba, a kai shi asibiti a fara duba jinsa.