Kula da Zaurukan Waya: Bayani ga Hakimai da Malaman Ofisoshinsu

Tun zamanin da, ba a barin majalisa babu mai ita. In jama'a suka taru a zauren mai unguwa ko a ƙofar dagaci, akwai wanda ya ke ba da izinin magana, akwai wanda ya ke tsawatawa in wani ya wuce gona da iri. In kuwa baƙo ya zo da labari mai tayar da hankali, sai an tambaye shi inda ya samo shi kafin a bar shi ya shiga kasuwa da shi. To, yanzu ga waɗansu zauruka sun fito waɗanda ba su da bango balle ƙofa, watau waɗanda mutane su ke buɗewa cikin wayar hannu, musamman a manhajar nan WhatsApp. Da wuya a sami gundumar da babu irinsu: na 'yan asalin gari, na manoma, na 'yan kasuwar hatsi, na tsofaffin 'yan makaranta. Tun shekarar 2022 zaure ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1,024, abin da ya fi yawan magidantan ƙauyuka da dama. An shirya wannan takarda domin Hakimai da malamansu su san a hannun wa tsawatarwa ta ke a cikin waɗannan zauruka, da kuma inda iyakarta ta ke.

ABIN DA KAMFANI BA YA GANI

Mutane da yawa suna zaton akwai wani ma'aikaci a Amurka da ke zaune yana duba abin da a ke rubutawa, in ya ga ɓarna ya hana. Ba haka ba ne. An ƙirƙiri WhatsApp cikin 2009, kamfanin Facebook ya saye ta cikin 2014, shi ne wanda ya sake suna ya koma Meta cikin 2021. Tun watan Afrilu na 2016 kowane saƙo a kulle ya ke tafiya daga wayar mai aikawa zuwa wayar mai karɓa, kamar wasiƙar da aka liƙe, mai kai ta bai san abin da ke ciki ba. Kamfani ba ya ganin maganar zaure sai in wani daga cikin 'yan zauren ya kai ƙara, sa'an nan a ke aika masa da saƙonni biyar na ƙarshe na abin da aka yi ƙara a kai. Abin da yakan yi kuwa shi ne ya rufe lambar mai laifi.

A Facebook al'amarin dabam ne, gama abin da mutum ya sa a fili kowa na iya gani, kamfani kuma yana da dubban ma'aikata da na'urori masu tacewa. Duk da haka wanda bai ji harshe ba, bai kuma san ƙasa ba, ba zai gane inda wuta ta ke ba. An ga misalin wannan a Jihar Filato cikin watan Yuni na 2018. An kai hari na gaske a gundumar Gashish ta Barikin Ladi, an yi hasarar rayuka da yawa. Amma ran 23 ga wata waɗansu hotuna masu ban tsoro suka bazu a Facebook, aka ce na wurin ne. Binciken da gidan rediyon BBC ya fitar cikin Nuwamba na shekarar ya nuna ɗayansu an ɗauke shi a Kwango Barazabil tun 2012, wani kuma ya daɗe yana yawo kafin harin. Kashegari, ran 24, aka tare hanya, aka fitar da matafiya 11 daga motoci aka kashe su, mutanen da ba su san hawa ba balle sauka. Rahoton ya ce a lokacin nan masu tantance labari na cikakken aiki da abokan aikin kamfanin suka ajiye wa Nijeriya mutum 4 ne, masu amfani da Facebook a ƙasar kuwa wajen miliyan 24.

DARASIN INDIYA

Ƙasar Indiya ita ta fi kowace yawan masu WhatsApp, can kuma aka fi shan wahalar wannan abu. Cikin 2017 da 2018 jita-jita ta game ƙauyuka cewa ɓarayin yara sun shigo. Akwai wani hoto mai motsi da aka yi ta turawa, yana nuna mutum biyu bisa babur sun fizge yaro a titi. Asalinsa kuwa wasa ne aka shirya a Karachi ta Pakistan domin a gargaɗi iyaye, a ƙarshensa ma an nuna sun komo da yaron. Wani ya yanke ƙarshen, ya saki sauran. Ran 1 ga Yuli, 2018, a ƙauyen Rainpada na lardin Dhule, Jihar Maharashtra, waɗansu bayin Allah su 5 masu yawon neman sadaka suka sauka daga mota ranar kasuwa. Aka ce ɗayansu ya yi wa wata yarinya magana. Taro ya rufe su, aka ja su zuwa ofishin majalisar ƙauye, a nan aka doke su har suka mutu.

Gwamnatin Indiya ta ja kunnen kamfanin. Da ya ke ba ya iya karanta saƙo, sai ya koma rage masa gudu. Cikin Yulin nan ya sa alama bisa duk saƙon da aka turo daga wani wuri, domin mai karatu ya san ba mai aikawar ne ya rubuta ba, ya kuma hana mutanen Indiya tura saƙo zuwa wuri fiye da 5 a lokaci guda. Cikin Janairu na 2019 wannan doka ta game duniya. Cikin Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, aka ƙara ƙuntatawa: saƙon da ya riga ya bi hannu da yawa, mai ɗauke da kibiya biyu, sai wuri ɗaya tak za a iya tura shi a lokaci guda. Wannan dabara ta yi amfani, amma ba ta rarrabe gaskiya da ƙarya, iyakarta ta sa mai turawa ya gaji. Rarrabewa sai mutum, mutumin kuwa shi ne shugaban zaure, wanda samari ke kira admin.

ABIN DA KE HANNUN SHUGABAN ZAURE

Ikonsa ba kaɗan ba ne, ko da ya ke yawancinsu ba su san iyakarsa ba. Shi ke shigar da mutum, shi ke fitar da shi. Tun 2018 yana iya rufe bakin zaure duka, ya zama ba mai aikawa sai shugabanni, abin da ke da amfani ƙwarai a daren da rigima ta tashi. Tun 2022 yana iya share saƙon kowa daga wayoyin 'yan zaure duka, muddin bai wuce kamar kwana biyu ba, kowa kuma zai ga sunan wanda ya share. Tun 2023 yana iya tsare ƙofa, duk mai son shiga sai ya amince.

Shugaban da ya san aikinsa yakan shimfiɗa ƙa'idodi tun ranar buɗewa, ya rubuta su a kan bayanin zaure inda kowane sabon shiga zai gani. Ba a son su yi yawa. Abin da ba a yarda da shi ba a zauren dattawa, shi ne ba a yarda da shi a nan: zagin iyaye, jifan wani da sata ko maita ba shaida, kiran a far wa wata ƙabila ko mabiya wani addini, hotunan gawa da na tsiraici, da maganin da ba a san tushensa ba. Kada a raina wannan na ƙarshe. Waɗanda suka yi wayo cikin watan Agusta na 2014 suna tune da daren da saƙo ya game Nijeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, domin tsari daga cutar Ebola. Aƙalla mutum 2 suka rasu, waɗansu da dama aka kwantar a asibiti, alhali kuwa gishiri ba ya maganin Ebola ko kaɗan.

Horo kuma hawa-hawa ne. Wanda ya turo ƙarya bisa rashin sani, sau da yawa dattijo ne mai kyakkyawar niyya wanda ya ga gargaɗi ya ce bari ya tsirar da 'yan'uwa. Irin wannan a kira shi a waya a gaya masa a asirce, a roƙe shi ya janye da hannunsa. In aka kunyata shi a bainar jama'a, ya fita da fushi, zai je ya buɗe nasa zauren inda ba mai kwaɓarsa. Wanda ya maimaita bayan gargaɗi a share saƙonsa, a faɗi dalili a taƙaice. Kora sai a ƙarshe. Sharewa kaɗai ma ba ta wadatarwa in labari ya riga ya fita, gama mutum ɗari sun karanta kafin shugaba ya farka daga barci. Tilas a bi ƙaryar da gyara a cikin zauren nan da ta shiga, gara kuwa da saƙon murya, don waɗanda ba su iya karatu ba da murya ƙaryar ta fara isa gare su. Saboda wannan ne ya kamata babban zaure ya sami shugabanni uku ko huɗu, kada kuma su zama 'yan gida ɗaya ko 'yan jam'iyya ɗaya.

WA KE DA LAIFI

An yi gardama a kan ko za a kama shugaba da laifin ɗan zaurensa. Cikin Afrilu na 2017 hukumomin lardin Varanasi a Indiya suka ba da sanarwa cewa za a tuhumi shugaban duk zauren da aka watsa ƙarya a cikinsa. Amma cikin 2021 Babbar Kotun Bombay ta yanke cewa ba a ɗora masa laifin wani sai an tabbatar da bakinsu ɗaya, Babbar Kotun Kerala kuma ta bi wannan hanya cikin 2022. Hukuncin Indiya ba ya ɗaure alƙali a Nijeriya, amma dalilinsa abin dubawa ne: in aka ce kowane shugaba abin kamawa ne, masu hankali za su ajiye aikin, ya koma hannun waɗanda ba su da abin hasara. A Nijeriya sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 shi aka fi kai mutane ƙara da shi. An yi kuka da faɗinsa, har Kotun ECOWAS ta ce a gyara, cikin 2024 kuwa aka taƙaita shi ga batsa da kuma ƙaryar da mutum ya aika da saninsa domin ya ta da fitina ko ya jefa rai cikin hatsari.

INDA HAKIMI ZAI TSAYA

A nan ne a ke bukatar haƙuri. Zai zama wata rana malam ya kawo wa Hakimi waya ya nuna masa ana sukarsa a zauren gari, an ce rabon taki bai yi daidai ba, ko an ce dagaci ya sa hannu a cinikin gonar marayu. Zuciya za ta ce a kira shugaban zaure a sa shi ya kori mai maganar. Wannan kuskure ne babba. Kuka ba fitina ba ne, talaka kuma tun can yana da ikon kawo kukansa fada. In aka toshe shi a zauren da malam ke gani, zai koma wanda ba ya gani. Mafi muni, daga ranar jama'a za su ɗauki shugaban zaure ɗan koren fada ne, ranar da ya ce musu labarin ɓarayin yara ƙarya ne ba mai gaskata shi. Ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne a tambaya ko maganar za ta sa a taɓa jiki, ko dukiya, ko mutuncin wani ba gaira ba dalili. In ɓacin ran mai mulki kaɗai za ta jawo, amsa ta ke bukata.

Hanyar da ta fi dacewa da sarauta an gwada ta a Indiya ɗin nan cikin 2018. Shugabar 'yan sandan lardin Jogulamba Gadwal a Jihar Telangana, Rema Rajeshwari, ba ta hana kowa magana ba. Ta koya wa 'yan sandanta da shugabannin ƙauyuka yadda a ke gane hoton ƙarya, ta sa suka shiga zaurukan ƙauyuka da sanin kowa, ta kuma ɗauki mawaƙa da masu shela da ganga suna bin gari gari suna warware jita-jitar. Babu abin da ke cikin wannan da ya gagari gunduma a ƙasar nan, inda sankira da mai unguwa da liman su ke a shirye.

Abin da ya rage na malamin ofis ne. Ya kamata ya buɗe shafi a littafinsa, ya rubuta manyan zaurukan gunduma da sunayen shugabanninsu da lambobinsu, bisa yardarsu, su kuma ya ba su lambar da za su kira ko da tsakar dare. In labari mai hatsari ya ɓulla, kafin a share a ɗauki hotonsa yadda lambar mai aikawa da lokaci za su fito, don in magana ta kai gaban 'yan sanda ko alƙali a sami abin nunawa. Sa'an nan a aika wa dagacin wurin da aka ambata ya je ya gani da idonsa, abin da ya gano kuma a mayar wa shugabannin zauruka da muryar Hakimi ko ta wakilinsa, a faɗi sunan ƙauyen da sa'ar da aka duba.