Gano Inda Ƙara Ta Fito Da Taimakon Jerin Makirufo

Jama'a, duk wanda ya taɓa jin kiɗan tambari daga nesa, ya juya kai ya nuna gefen da ya fito, ya riga ya yi aikin da za mu yi bayani a kansa yau. Ƙara tafiya take cikin iska, gudunta kimanin mita 343 a sakan guda idan zafi ya kai digiri 20. Saboda haka takan riski kunne ɗaya kafin ɗaya. Tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, amma da ita ƙwaƙwalwa ke rarrabe dama da hagu.

Injiniyoyi sun ari wannan hikima, sai dai sun ƙara yawan kunnuwan. Makirufo biyu ba su iya faɗin wuri, iyakarsu su ce ƙarar na kan wani lanƙwasasshen layi. Idan aka girka uku a ƙasa, kamar duwatsun murhu, ana iya samun wurin a doron ƙasa. Amma ƙara na iya fitowa daga kan bene ko bisa dutse. Don haka ake ɗora na huɗu a kan dogon ƙarfe, ya fita daga shimfiɗar sauran. Abubuwa huɗu ne ba a sani ba, watau gabas ko yamma, kudu ko arewa, bisa, da lokacin da ƙarar ta tashi. Kwamfuta kuwa tana warware su daga bambancin lokacin isowa.

Dabarar ta girma ne a fagen fama. A 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojan Ingila suka ɗora wa William Lawrence Bragg aikin gano maɓoyar igwogin Jamus daga rugugin harbinsu. A 1916 William Tucker ya ƙera makirufo mai zaren waya mai zafi, wanda ke kama ƙara mai kauri irin ta igwa. A yau wasu biranen Amurka na amfani da tsarin ShotSpotter don gano inda aka harba bindiga.

To, a ce za a kafa irin wannan a ƙasar Kazaure, ko kusa da iyaka a Babura, ina matsalar take? Gudun ƙara yana ƙaruwa da kimanin mita 0.6 a sakan kan kowane digiri. Da asubar hunturu, a digiri 15, mita 340 ne. Da azahar ɗin bazara, a digiri 40, ya kai 355. Na'urar da aka saita kan lamba guda tilas ta yi kuskure, kuma kuskuren na ƙaruwa da nisa. A ganina ma'aikacin da zai sa hannu a sayo irin wannan kaya ya fara tambaya ko suna auna zafin iska.

Duwatsu sun fi wannan wuyar sha'ani. A wajajen Roni da Kazaure ƙara kan bugi dutse ta dawo, makirufo ya ji ta sau biyu. Idan kwamfuta ta ɗauki amsa-kuwwa a matsayin ƙarar asali, sai ta nuna wa jami'an tsaro gindin dutse alhali mai harbin yana can cikin gona. Abin da akan yi shi ne a ƙara yawan makirufo fiye da huɗu, a baza su, a kuma umarci kwamfuta ta riƙi ƙarar da ta fara isowa, domin wadda ta biyo miƙaƙƙiyar hanya ita ke rigan sauran.