Hanyoyin Da Ake Taimaka Wa Malamanmu Su Ci Gaba

Ina so in yi ɗan bayani a kan wani al'amari wanda ya shafe mu duka, amma ba mu cika kula da shi ba, watau yadda ake taimaka wa malamanmu da shugabannin makarantu su ƙaro ilmi, su kuma sami ci gaba a cikin aikinsu.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan magana shi ne, in ka tambayi ɗalibai abin da suke so su zama, sai ka ji wannan ya ce likita, wancan ya ce injiniya, wani lauya, wani soja. Da ƙyar za ka sami mai cewa malami. Da yawa daga cikinmu suna zaton wanda ya shiga aikin koyarwa ya shiga lungun da ba ya ɓullewa, yadda ya fara da alli da allo haka zai gama. To, in kowa ya gudu, wa zai koyar da ƙannenmu? Shi ya sa na ga ya kamata mu san cewa aikin malanta yana da matakala, kuma akwai hukumomin da aka kafa musamman don su riƙe wa malami hannu ya hau ta.

Bari mu fara da waiwaye. A shekarar 1921 aka kafa Kwalejin Katsina don horon malamai, ita ce daga baya ta zama Kwalejin Barewa ta Zariya. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya gama ta a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato kafin a naɗa shi hakimin Raba. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci har ya zama hedimasta, sa'an nan a 1945 aka tura shi Jami'ar Landan ya yi kwas na aikin ilmi. Malam Aminu Kano ma ya koyar a Bauci da Maru, shi ma ya yi irin wannan kwas a Ingila, kuma shi ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya zama Shugaban Ƙasa a 1979, malamin makaranta ne a Sakkwato da Argungu. Abin lura a nan shi ne, tun wancan zamani an gane cewa ba a barin malami da abin da ya fito da shi daga kwaleji kawai, sai ana ƙara masa.

A watan Satumba na 1976 gwamnatin tarayya ta fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowane yaro, wanda aka fi sani da UPE. Yara suka yi ta tururuwa zuwa makaranta fiye da yadda aka yi tsammani, malamai suka yi kaɗan. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma tilas ta sa aka ɗauki mutane da yawa waɗanda ba su da cikakken horo aka ba su aji. Sai aka rasa yadda za a yi. In an kwashe su zuwa kwaleji, azuzuwa za su zauna ba kowa, in kuwa an bar su haka nan, yara ne za su cutu. Maganin da aka samo shi ne kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, watau NTI, a Kaduna, a cikin wannan shekara ta 1976. Hedikwatarta tana kan hanyar Kaduna zuwa Zariya.

Dabarar wannan cibiya ita ce a kai wa malami karatu inda yake. Ana rubuta darussa a cikin littattafai yadda mutum zai iya karantawa da kansa a gida. Ran Asabar da lokacin hutu sai ya tafi wata makaranta da ke kusa da shi, wadda aka mai da ita wurin haɗuwa, ya sadu da masu koyarwa su warware masa abin da ya shige masa duhu. Cibiyar tana da ofisoshi a shiyyoyi shida na ƙasar nan da kuma kowace jiha. A da tana taimaka wa malamai su sami satifiket na Gire Tu, daga 1990 kuma ta fara ba da takardar NCE ta wannan hanya. Ashe ke nan malamin ƙauye yana iya ƙaro ilmi bai bar ajinsa ba, bai bar gonarsa ba, albashinsa kuma bai tsaya ba.

Ita wannan takarda ta NCE, a tsarin ilmi na ƙasa ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da ake so mutum ya mallaka kafin ya koyar. Wanda ya gama sakandare yana iya samunta cikin shekara uku a kwalejin ilmi. Irin waɗannan kwalejoji suna da yawa a Arewa, akwai na tarayya kamar na Katsina da Bichi da Gombe da Potiskum, da ta Gusau wadda ta mata ce zalla, ga kuma na jihohi. Mai NCE in sakamakonsa ya yi kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu. In kuwa yana bakin aiki, akwai karatun dogon hutu, irin wanda Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana gudanarwa a Zariya. Mu muna gida muna hutawa, malamanmu suna can sun koma 'yan makaranta. Gaskiya ne, gemu ba ya hana ilmi. Wanda kuma ya yi digiri a wani fanni dabam, kamar lissafi ko kimiyya, ya zo yana son koyarwa, sai ya yi babbar difloma ta ilmi da ake kira PGDE, don sanin abu daban, iya koyar da shi daban.

Bayan wannan sai taimakon da malami ke samu yau da kullum a wurin aikinsa. A nan sai mun raba tsakanin firamare da sakandare. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya, watau UBE, a Sakkwato, a 2004 kuma aka yi masa doka. Dokar ta ce a riƙa ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin babban asusun gwamnatin tarayya don ilmin farko, daga ciki kuwa akwai kason horon malamai. Hukumar tarayya ta UBEC ita ke riƙe da kuɗin, kowace jiha tana da tata hukumar da ake kira SUBEB, kowace ƙaramar hukuma kuma tana da ofishin ilmi a ƙarƙashin sakataren ilmi. Daga wannan ofishi ne jami'ai ke fita zagayen makarantu. Sau da yawa akan haɗa makarantun da ke kusa da juna su zama rukuni guda, a tara malamansu a wuri ɗaya a yi musu bita ta 'yan kwanaki, yadda ba wanda zai sha doguwar tafiya.

Mu na sakandare kuwa, a jihohi da dama ma'aikatar ilmi ta raba makarantu shiyya-shiyya, kowace shiyya da ofishinta da daraktanta. Dukanmu mun san ranar da baƙi ke zuwa daga ofishin shiyya. Mukan ga ɗayansu ya shigo ya zauna a bayan aji yana rubuce-rubuce, sa'an nan ya karɓi littattafanmu ya duba ko ana yi mana gyara. Da yawanmu muna ɗauka neman laifi ya kawo su. Amma in an bi ƙa'ida, bayan darasi jami'in yakan zauna da malami su biyu, ya nuna masa inda ya yi daidai da inda ya kamata ya sake dabara. Su ne kuma ke kai rahoto cewa makaranta kaza ba ta da malamin Turanci, ko ɗakin gwaje-gwajenta ba kayan aiki. Iyayenmu sun san su da sunan sufetocin makaranta.

Akwai kuma shirye-shirye na musamman. Misali, a 2006 Nijeriya ta haɗa gwiwa da ƙasar Japan aka fara wani shiri mai suna SMASE a jihohin Kaduna da Neja da Filato, don gyara yadda ake koyar da lissafi da kimiyya. Abin da ake nuna wa malamai shi ne su sa yaro ya taɓa da hannunsa, ya gwada, ya yi tambaya, ko da da murfin kwalba ne da gwangwani da tsinken tsintsiya, maimakon ya zauna yana hadda kawai.

Su ma malamai ba su zauna jiran gwamnati ba, sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT, tun 1931 aka kafa ta, ita ke yi musu magana a kan albashi da ƙarin girma. Malaman kimiyya suna da tasu ƙungiyar, STAN, wadda muke ganin sunanta a bayan wasu littattafanmu. Akwai kuma hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda aka yi dokar kafa ta a 1993. Tun 2017 sai mutum ya ci jarrabawarta kafin a yi masa rajista a ba shi lasisi, kamar yadda likita da lauya ke da nasu.

To, shugabannin makarantu fa? Wanda duk ya zauna a makarantar kwana ya san nauyin da ke kan firinsifal. Shi ne mai kula da karatu, shi ne mai lissafin buhunan masara da shinkafa a sito, in famfo ya lalace shi za a nema, in yaro ya kwanta ciwo tsakar dare shi za a tasa. Tun bayan abin da ya faru a makarantar Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da ta Jangebe a watan Fabrairu na 2021, sha'anin tsaro ma ya ƙaru a kansa. Iya koyar da darasi kaɗai ba ya isar mutum ya ɗauki wannan kaya. Saboda haka shugabannin sakandare suna da ƙungiyarsu, ANCOPSS, inda suke haɗuwa su yi shawara, sabo ya koya daga tsohon hannu. Akwai kuma wata cibiya a garin Ondo, NIEPA, wadda aka kafa a 1992 don horar da masu tsara ilmi da masu shugabancin makarantu.

Wanda ya bi waɗannan hanyoyi da haƙuri, yana iya tashi daga malamin aji ya zama shugaban sashe, ya zama mataimakin firinsifal, ya zama firinsifal, daga nan a kai shi ofishin shiyya ko ma'aikata ya zama darakta. Wani yakan ƙara karatu ya koma koyarwa a kwaleji ko jami'a. Wani yakan shiga aikin duba takardun jarrabawa ko rubuta littattafai. Tun 1987 kuma Nijeriya tana tura ƙwararru, har da malamai, su yi aikin shekara biyu a wasu ƙasashen Afirka da na tsibirai. A 2022 aka sa hannu a kan dokar da ta ƙara wa malamai lokacin ritaya zuwa shekara 65 da haihuwa, ko shekara 40 a bakin aiki.

Amma fa kada mai karatu ya zaci kome yana tafiya sumul. Sau da yawa rijiya takan ba da ruwa guga ya hana. Wani malamin yana can a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, sai an gama bita labari ya iso masa. Wani yana son ƙarin karatu, amma albashin bai kai ya biya kuɗin makaranta ya ciyar da iyali ba. Jihohi da dama sukan yi jinkirin biyan nasu kason, sai kuɗin da aka ware musu ya yi ta zama a hannun hukumar tarayya. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, fiye da 21,000 ba su sami makin da aka yanka ba, aka sallame su. Mutane sun yi ta gardama a kai. Abin da ni na fahimta shi ne, yaro yana da hakkin a ba shi malamin da ya san aikinsa, malami kuma yana da hakkin a riƙa wasa shi a kai a kai tun kafin ranar gwaji ta zo.

Daga ƙarshe, ina da roƙo guda uku. Ga iyayenmu, don Allah in an kira taron iyaye da malamai ku daure ku zo, ku tambaya yaushe rabon malaman 'ya'yanku da zuwa kwas, domin hukuma takan fi jin maganar da ta fito daga bakin jama'a. In kuma ɗanku ko 'yarku ta ce aikin malanta take so, kada ku karya mata gwiwa, ga makarantun 'yan mata nan suna kukan rashin malamai mata. Ga 'yan'uwana ɗalibai, in malami ya tafi bita ya bar mana aiki, mu yi aikin tsakani da Allah, amfanin tafiyar a kanmu zai ƙare. Sa'ad da za mu cika takardun neman shiga manyan makarantu kuma, kada mu mai da kwalejin ilmi wurin da ake zuwa don an rasa abin yi. Ga hukuma kuwa, a taimaka a riƙa fara tunawa da malamin ƙauye.

A nan zan dasa aya.