Abin Da Ya Sa Likitoci Ke Jiƙa Iskar Da Majiyyaci Ke Shaƙa A Ɗakin Tiyata

Idan aka shiga da mutum ɗakin tiyata, hankalin danginsa da ke zaune a baranda yakan tattaru ne a kan abu biyu: wuƙar likita, da kuma ko zai farka daga barcin da aka sa shi. Da wuya ka ji wani ya tambayi irin iskar da ɗan'uwan nasa zai yi ta shaƙa har tsawon sa'a uku ko huɗu. Alhali kuwa likitocin da aikinsu shi ne sa majiyyaci barci sun fi shekara 60 suna bincike a kan wannan iska, ba a kan maganin da ke cikinta kaɗai ba, har ma a kan wani abu da za a zaci ƙarami ne, watau ko busasshiya ce ko kuwa mai laima.

Kafin mai karatu ya gane muhimmancin wannan magana, tilas mu fara da hanci. Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ba ya bukatar dogon bayani a kan sharrin busasshiyar iska. Leɓe ya tsage, maƙogwaro ya yi ta ƙaiƙayi, yara su yi ta haɓo. A waɗannan watanni laimar da ke cikin iska takan sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100 da tsakar rana. To amma ko a lokacin da hunturu ya fi tsanani, iskar da ke isa can cikin huhu ba busasshiya ba ce, domin hanci yana tsaye a bakin ƙofa yana gyara ta.

Cikin hanci shimfiɗe yake da wata fata mai laushi, mai danshi, wadda ƙananan jijiyoyin jini suka cika, ga kuma lunguna da kwane-kwane waɗanda ke sa iska ta yi ta gogar fatar kafin ta wuce. A nan ne take samun ɗumi da ruwa. Masana sun auna sun ga cewa a ɗaki mai matsakaicin sanyi, lita ɗaya ta iska tana ɗauke da ruwa kimanin miligiram 10. Amma kafin ta wuce inda bututun numfashi ya rabu biyu a cikin ƙirji da kaɗan, ta riga ta kai zafin jiki, watau digiri 37, tana kuma ɗauke da ruwa miligiram 44, wanda shi ne iyakar abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin. Mafi yawan wannan aiki hanci da maƙogwaro ke yin sa. Sa'ad da mutum ya fitar da numfashi kuma, sai hancin ya sake karɓe wani kashi na ruwan da ɗumin, ya ajiye domin numfashi na gaba.

MASU SHARAR HUHU

Dalilin wannan wahala duka shi ne majina. Abin ƙyama ce a idon jama'a, amma ba domin ita ba da huhu ya cika da ƙura tun muna goye. Daga hanci har zuwa ƙananan hanyoyin iska na cikin huhu, akwai wani siririn rufi na majina wanda ƙura da hayaƙi da ƙwayoyin cuta ke mannewa a jikinsa. Ƙarƙashin wannan rufi akwai wani ruwa tsararo, a cikin ruwan kuma akwai wasu 'yan gashi ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Tsawon kowannensu bai wuce kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kan mutum ba, kowace ƙwayar halitta da ke ɗauke da su kuma tana da kimanin 200.

Waɗannan 'yan gashi kaɗawa suke yi ba dare ba rana, fiye da sau 10 a cikin daƙiƙa guda, kuma duk gefe ɗaya suke turawa. Kamar dai 'yan gayya ne da suka yi layi suna miƙa wa juna tubali, wannan ya ba wancan, har majinar da dattin da ta kwaso su hauro zuwa maƙogwaro, mutum ya haɗiye bai ma sani ba. Sharaɗin aikin nan ɗaya ne: ruwan da gashin ke iyo a ciki kada ya ƙafe, majinar da ke sama kuma kada ta yi kauri. Idan ruwan ya ragu, sai majinar ta danne gashin ta maƙale musu. Idan abin ya daɗe, sai ta daskare ta yi ɓawo kamar ƙanzo a gindin tukunya.

A farkon zamanin maganin barci wannan matsala ba ta taso sosai ba. Sa'ad da William Morton ya nuna aikin maganin ita a birnin Boston na Amurka ran 16 ga Oktoba, 1846, da kuma shekaru da dama bayan haka, ta baki da hanci majiyyaci ke shaƙar maganin, saboda haka hanyar da iska ta saba bi ita take bi. Abin ya sake ne bayan Yaƙin Duniya na Farko. A wani asibiti da ke Sidcup a Ingila, inda ake gyaran fuskokin sojojin da harsashi ya ragargaza, likitan fiɗa yana bukatar fuskar duka, ba wurin ɗora marufin shaƙa. Ivan Magill da Stanley Rowbotham suka ƙware wajen zura bututun roba har cikin maƙoshi, iska ta bi ta ciki kai tsaye. Wannan dabara ta ceci rayukan da ba su ƙidayuwa, kuma ita ce ginshiƙin manyan ayyukan tiyata har yau. Sai dai ta tsallake hanci.

Ba tsallake hanci kaɗai aka yi ba. Iskar oksijin da sauran iskokin asibiti, ko daga tukwanen ƙarfe suka fito ko daga bututun bango, da gangan ake tsane musu ruwa tun a masana'anta, domin ruwa yana sa tukunya tsatsa, yana kuma iya daskarewa ya toshe mafitar iskar. Saboda haka abin da ke fitowa ya fi iskar kowane hunturu bushewa, ga shi kuma da sanyi. Bugu da ƙari, magungunan barcin da ake shaƙa, irin su halotan, su kansu suna rage kuzarin gashin nan. Allurar atirofin da aka daɗe ana yi wa majiyyaci kafin aiki domin tsane yawu tana ƙara wa majina kauri. Mai barcin tiyata kuma ba ya tari. Watau an sallami mai gadin ƙofa, an kasalar da masu shara, sa'an nan aka buɗe wa iska mafi bushewa hanya.

Idan aka yi lissafi, ruwan da ake magana a kai ba shi da yawa. Babban mutum da ke shaƙar lita 6 a minti ɗaya, idan iskar busasshiya ce ƙarƙaf, zai bukaci ruwa kusan giram 16 a sa'a guda domin jiƙa ta, watau kimanin cokali ɗaya na cin abinci. Abin dubawa shi ne inda ake ɗebo cokalin. Daga wannan siririn ruwan da gashin ke iyo a ciki ne, a wani sashe na hanyar numfashi wanda bai saba da wannan aiki ba.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Likitoci sun fara ganin abin da idonsu ne a wurin waɗanda suka daɗe da bututu. A 1952 annobar shan inna ta auka wa birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, mutane da yawa numfashinsu ya shanye. Bisa shawarar wani likitan barci, Bjørn Ibsen, aka riƙa huda musu maƙoshi ana sa bututu, ɗaruruwan ɗaliban likitanci suna karɓa-karɓa wajen matsa jakar iska da hannu dare da rana. Daga nan taimaka wa numfashi na tsawon kwanaki ya bazu a Turai, aka kuwa ga yadda busasshiyar majina ke toshe bututu, har aka shiga bi da iskar ta kan ruwan ɗumi kafin ta isa ga majiyyaci.

A 1956 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Tore Dalhamn, ya leƙa cikin maƙoshin ɓeraye yana kallon gashin nan, ya ga cewa idan aka hura musu iska mai ƙarancin laima, cikin 'yan mintoci suke daina kaɗawa. A 1962 J. D. K. Burton ya nuna irin wannan lahani a jikin karnukan da aka ba busasshiyar iskar barci. Sa'an nan a 1972 Jack Chalon da abokan aikinsa a Amurka suka kawo maganar kan mutane. Suka riƙa ɗauraye cikin bututun numfashin waɗanda ake yi wa tiyata suna duba ƙwayoyin halittar da suka fito. A wurin waɗanda suka shaƙi busasshiyar iska na tsawon sa'o'i an ga gashin ya lalace, amma waɗanda aka jiƙa wa iskar ba a ga haka ba.

Majinar da ta tsaya wuri ɗaya takan toshe ƙananan hanyoyin iska, sashen huhun da ke bayan toshiyar ya saɓe ya manne, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Wannan na cikin hanyoyin da ke kai mutum ga zazzaɓi da tari, wani lokaci har ciwon huhu, kwana biyu ko uku bayan an yi aiki an gama lafiya.

Hanyar farko da aka bi don maganin abin ita ce tukunyar ruwa mai aiki da lantarki, wadda iska ke bi ta kanta ta kwashi ɗumi da tururi. Ita ta fi kowace ba da laima, ita ce kuma ake so ga jarirai da waɗanda za su daɗe a kan injin numfashi. Ƙungiyar masu kula da numfashi ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2012, ta ce irin wannan na'ura ta ba da ruwa tsakanin miligiram 33 da 44 a kowace lita. Amma tana da nata haɗarin. Idan ta yi zafi da yawa tana iya ƙona hanyar numfashi, raɓa takan taru a cikin bututu, ruwa mai ɗumi kuwa gidan ƙwayoyin cuta ne idan tsabta ta yi ƙaranci. Kada mai karatu ya haɗa ta da 'yar kwalbar ruwan nan da ake gani tana ɓulɓula a jikin tukunyar oksijin a ɗakin kwanciya. Waccan ruwanta mai sanyi ne, laimar da take bayarwa kaɗan ce, an yi ta ne domin wanda hancinsa ke aiki.

Hanya ta biyu ta fi sauƙi, ita ce wadda likitoci ke yi wa laƙabi da hancin roba. Wani ɗan ƙoƙo ne da bai kai ƙwan kaza ba, an cusa masa takarda ko soso na musamman, ana maƙala shi a bakin bututun majiyyaci. Idan ya fitar da numfashi sai soson ya kama ɗumi da ruwan, idan ya ja sabuwar iska sai ta kwashe su ta mayar masa. Ba ya bukatar wuta ko ruwa, da yawa daga cikinsu kuma suna tace ƙwayoyin cuta. An fara ƙera irinsa tun cikin shekarun 1950. Ana so nagari ya mayar da aƙalla miligiram 30. Aibinsa shi ne jini ko kaki na iya toshe shi, kuma idan ya yi wa yaro girma sai yaron ya riƙa maimaita shaƙar iskar da ya fitar.

Akwai kuma dabarar da ba ta bukatar a sayi kome. Tun 1924 Ralph Waters ya nuna cewa ana iya mayar wa majiyyaci iskar da ya fitar idan aka bi da ita ta cikin wasu fararen ƙwayoyi, waɗanda akasarinsu farar ƙasa ce, su tsotse gurɓatacciyar iskar kabon da ke cikinta. Brian Sword ya mayar da tsarin ya zama kewaye a 1930. Abin sha'awa, ƙwayoyin nan ɗumi da ruwa suke fitarwa sa'ad da suke wannan aiki. Saboda haka idan likita ya rage sabuwar iskar da yake sakowa zuwa lita 1 a minti ko ƙasa da haka, maimakon lita 5 ko 6, sai laima ta taru a cikin kewayen da kanta, ko da yake takan ɗauki lokaci kafin ta kai yadda ake so. Ga tsimin oksijin, ga tsimin magani mai tsada. Sharaɗin dai shi ne a sami na'urar da ke auna iskar da majiyyaci ke shaƙa, domin rage iska ba tare da awo ba ganganci ne.

A ƙananan asibitocin Afirka, har da namu, an daɗe ana aiki da wata na'ura mai suna EMO wadda aka ƙera a Oksfod cikin shekarun 1950, wadda iskar ɗaki take ja ta gauraya da magani. Irin wannan tsari laimarsa ta dogara ne ga yanayin gari. Abin da majiyyaci zai shaƙa a Ikko ko Fatakwal da damina dabam yake da abin da zai shaƙa a Katsina cikin watan Janairu.

Ba daidai ba ne a tsorata jama'a. Lafiyayyen mutum da aka yi wa aikin rabin sa'a, jikinsa zai gyara ɗan abin da ya taɓu cikin 'yan kwanaki, ba zai ma san an yi ba. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu dogon aiki, da tsofaffi, da masu asma ko tsohon tari, da mashaya taba waɗanda dama hayaƙi ya riga ya raunana musu gashin, sai kuma uwa-uba jarirai. Bututun da ake sa wa jariri sabon haihuwa faɗin raminsa milimita 3 ne ko 3 da rabi. Ɗan ɓawon majina da babba ba zai ji ba ya isa ya rufe wannan rami, ga shi kuma jariri saurin yin sanyi gare shi. A ganinmu, shi ya sa bai kamata masu sayen kayan asibiti su riƙa ɗaukar hancin roba a matsayin kayan ƙawa da za a fara sokewa idan kuɗi sun gaza ba. Bai kuma kamata a wanke wanda aka yi domin mutum ɗaya a sa wa wani ba.

Shi ma majiyyaci yana da nasa rabon aikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2020 cewa barin taba mako 4 ko fiye kafin tiyata yana rage matsalolin da ke biyo bayanta. Wanda ke fama da mura ko tari lalle ne ya gaya wa likitan barci tun kafin ranar aiki, ko da hakan zai sa a ɗaga ranar. Bayan an farka kuma, idan nas ta matsa wa mutum ya ja dogon numfashi, ya yi tari, ya tashi ya ɗan taka, ba mugunta ba ce, majinar da ta kwanta ake so ta motsa. Wanda aka yi wa aiki a ciki yana iya rungumar matashin kai ya danne wurin ɗinkin kafin ya yi tarin, zafin zai ragu.