Tsatsa Daga Ƙasa Take Cin Mota: Yadda Ake Maganinta da Fenti

Damina ta ɗauke, amfanin gona ya fara shigowa gida. Wannan shi ne lokacin da motocin ƙasarmu suka fi shan kaya. A-kori-kura da bas da amalanken shanu duk suna kan hanya, daga Birci da Wurma da Tsauri zuwa Kurfi, daga Karofi da Maƙera zuwa kasuwar Dutsin-Ma. Mai mota yakan duba taya, ya duba baƙin mai, ya wanke bodi har ya riƙa ƙyalli. Amma mutum nawa ne ke durƙusawa su leƙa ƙarƙashinta? Can ne tsatsa take zaune, tana cin ƙarfe kamar yadda gara ke cin azara. A wannan wata za mu yi bayanin yadda take kamawa, da yadda ake kashe ta, da yadda ake shafa fenti don kada ta dawo.

Mece ce tsatsa?

Sai abu uku sun haɗu tsatsa ke samuwa: ƙarfe, da ruwa, da iska. A cikin iskar da muke shaƙa akwai wani sashe da masana ke kira oksijin. Idan laima ta zauna a jikin ƙarfe, wannan sashe na iska yakan haɗu da ƙarfen, ya mai da shi jan gari marar ƙarfi. Wannan jan garin shi ne tsatsa. Wato ƙarfen ne da kansa ya lalace.

Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga cikinsa cin wuri. Don haka takan kumbura, ta ɗaga fenti, ta yi ɓawo. Ɓawon nan kuma yana shan ruwa ya riƙe kamar soso, sai na ƙarƙashinsa shi ma ya kama. Da haka take yin ƙasa har ta huda.

Aikin fenti shi ne ya shiga tsakani, ya raba ƙarfe da ruwa da iska. Dubi kwanon rufi. Ƙarfe ne aka lulluɓe da wani farin ƙarfe mai suna tutiya, shi ya sa yake shekaru bai yi ja ba. Ranar da lulluɓin ya cinye, ranar kwano ke fara ja. Haka ƙarƙashin mota yake. Daga masana'anta an rufe shi, amma tsakuwa da yashi da kututture suna ƙarce shi kullum. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ai ƙasarmu busasshiya ce

Wani zai ce tsatsa matsalar mutanen Ikko da Fatakwal ce, masu zama bakin teku. Gaskiya ne tasu ta fi tamu, domin iskarsu da laima da gishiri take tafe. Mu ruwanmu daga Yuni zuwa Satumba ne, ya fi ƙarfi a Agusta. Amma muna da namu dalilan guda huɗu.

Na farko laka. Motar da ta bi hanyar ƙauye da damina takan kwaso taɓo, ya maƙale a kogon taya da lungunan shasi. Bayansa yakan bushe, cikinsa kuwa ya riƙe laima kwana da kwanaki. Motocin da ke shiga fadamu ɗaukar tumatir da albasa, musamman a kewayen madatsar ruwa ta Zobe da aka kammala a 1983, ko da rani ba su rabuwa da laka.

Na biyu takin zamani. Yuriya da kamfa suna jawo laima daga iska, kuma a cikin kamfa akwai sinadarai dangin gishiri. Buhu ɗaya ya yage a bayan mota, garin ya shige tsakanin katako da ƙarfe, to an dasa tsatsa. Haka gishiri da kanwa suke yi.

Na uku dabbobi. Fitsari da kashin shanu da awaki da ake kaiwa kasuwannin Caranci da Dutsin-Ma suna bin kafofin daɓen mota, su sauka kan shasi. Ruwan batir ma in ya tsiyaya, yakan cinye mazaunin batir da abin da ke ƙarƙashinsa.

Na huɗu asalin motar. A da, sabuwar Peugeot daga Kaduna ake saye, inda aka fara harhaɗa ta a 1975. Bayan da aka karya darajar naira a 1986, sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, aka koma sayen na hannu daga Beljiyam da Jamus da Holan, daga baya har Amurka da Kanada. Su ne ake kira 'yan Kwatano. A waɗannan ƙasashe dusar ƙanƙara ke rufe titi da hunturu, sai hukuma ta watsa gishiri don ta narke. Motar da ta yi shekara goma tana bin ruwan gishiri, da ciwonta take isowa, ko da bodinta na walƙiya.

Abin da ke cikin haɗari

Ramin da ke jikin ƙofa muni kawai yake jawowa. Na ƙarƙashi kuwa rai yake ɗauka. Bututun man birki siririn ƙarfe ne da ya bi ta ƙarƙashin mota. In tsatsa ta ci shi, ranar da direba ya taka birki da ƙarfi ranar zai fashe, man ya zube, ƙafa ta tafi har ƙasa. Haka kuma wurin da aka ɗaure sifirin a jikin shasi, da maɗaurin tankin mai. Motar da ta ɗauko buhunan masara da mutane a kansu, in mariƙin sifirin ya ɓalle tana cikin gudu, sai abin da Allah ya yi. Ga kuma hasarar dukiya, domin motar da shasinta ya ruɓe ba ta da daraja a kasuwa, ko da injinta lafiya lau yake.

Yadda za ka gane matsayinta

Ka ɗauki ƙaramar guduma da tocila. Ka bi shasi daga gaba zuwa baya kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi garau. Ruɓaɓɓe kuwa dum-dum yake yi, gari na zubowa. Ka ɗaga shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙafar direba, ka duba mazaunin batir da na safaya.

Tsatsa hawa uku ce. Akwai ta sama-sama, wadda ja ne kawai, in an goge ƙarfe ya fito sumul. Akwai mai ɓawo, wadda ta fara cin jiki amma ba ta huda ba. Waɗannan biyu fenti na maganinsu. Ta uku ita ce wadda ta huda, ko ta mai da ƙarfe kamar takarda. Wannan sai mai walda. A yanke wurin, a sa sabon ƙarfe mai kauri daidai da na asali. Cike ramin shasi da abin cike bodi yaudarar kai ce, domin ba ya ɗaukar nauyi. Bututun birki da ya ci kuwa ba a yi masa kwaskwarima, sauya shi ake yi.

Yadda ake aikin

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Afrilu, sa'ad da iska ta bushe. A zaɓi ranar da babu hazo da ƙura sosai, a yi a inuwa, a yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da wurin don ƙura ta kwanta.

1. A ɗaga motar. Rami irin na gareji ya fi. In babu, a ɗaga da jak, a tokare da manyan guntayen katako masu ƙwari, a sa wa tayoyi waigi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bulon siminti ma ba abin yarda ba ne, yakan fashe ba zato.

2. A wanke. A fitar da laka duka, har wadda ke cikin lunguna. Inda akwai maiƙo a goge da kananzir, sannan a bi da ruwan sabulu, a ɗauraye. Fenti ba ya kama maiƙo.

3. A bar ta ta bushe sarai, kwana ɗaya ko biyu.

4. A kankare. A fara da guduma da abin kankara a zubar da ɓawo, a bi da buroshin waya, a ƙarasa da samfefa, har sai ƙarfe ya fito. Tsohon fentin da ya ɗago shi ma a cire shi. Nan ne wahalar take, kuma nan ne aikin yake. Wanda ya shafa fenti a kan ɓawon tsatsa ya rufe ƙofa da ɓarawo. Za ta ci gaba da ci a ɓoye, ba mai gani sai ta huda.

5. A kashe saura. Akwai 'yan ramuka da buroshi ba ya kaiwa. Masu sayar da fentin mota suna da wani ruwa na kashe tsatsa. In an shafa shi, jan yakan koma baƙi ya taurare. Wani irinsa da sinadarin da ke cikin bagaruwa ake yin sa. Dukawa sun daɗe da sanin cewa in ƙarfe ya gamu da bagaruwa baƙi ke fitowa, da haka suke rina fata. Wannan ruwa ba ya aiki a kan ɓawo mai kauri, sai an kankare tukuna. A bi umurnin da ke jikin kwalbar. Wanda karatunsa bai yi nisa ba ya kai wa malamin ajinsa ya karanta masa.

6. A shafa fentin fari. Shi ne jan fentin nan da masu walda ke shafa wa ƙofofi da tagogin ƙarfe. A shafa shi a ranar da aka gama kankara, domin tsiraicin ƙarfe ba ya jira, raɓar dare ɗaya ta isa ta mai da shi ja. A shafa da buroshi, ana cusawa cikin lunguna da kan walda. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Sai na farko ya bushe ake sa na biyu.

7. A rufe da fentin sama. Jan fenti shi kaɗai ba ya tare ruwa na dogon lokaci. A bi shi da baƙin fentin mai, shafi biyu. A kogon taya, inda tsakuwa ke duka, ana iya ƙarawa da baƙin fenti mai kauri dangin kwalta. A riƙa duba shi duk shekara, domin in ya tsufa yakan tsage, ruwa ya shige bayansa.

8. Cikin shasi, inda hannu ba ya shiga, a fesa mai mai kauri ta kafofin da ke jikinsa. A tabbata ƙananan kafofin da aka bari don ruwa ya tsiyaye ba su toshe ba.

Inda ba a shafawa

Kada fenti ko mai ya taɓa farantin birki da gangarsa, ko salansa, ko robobi, ko kan da ake ɗura giris. A rufe su da takarda kafin a fara. Kada kuma a binne lambar shasi da fenti mai kauri, domin 'yan sanda da jami'an kwastan da mai saye duk ita suke dubawa.

Batun baƙin mai

Da yawa sukan sa a fesa wa ƙarƙashin mota tsohon baƙin mai haɗe da gas bayan wanki. Yana korar ruwa na ɗan lokaci, amma ba ya kashe tsatsar da ta riga ta kama. Yana kumbura robobi, yana tara ƙura, in ya taɓa birki ya hana shi kamawa. Wanda ya zuba ƙasa kuma yana iya bi ya ɓata ruwan rijiya. Araha ba ta ado.

Kula da lafiya

A ɗaure hanci da baki, a sa tabarau lokacin kankara. Wasu tsofaffin fenti akwai gubar dalma a cikinsu, kuma ƙurarta ta fi yi wa yara illa. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Saboda haka kada a yi wannan aiki a tsakar gida, kada a bar yara su yi wasa a wurin. A share garin a binne shi nesa da rijiya, a wanke hannu kafin cin abinci. Fenti da tina da kananzir suna kama wuta, ban da shan taba kusa da su. In za a yi walda, a cire kan batir, a nisanci tanki da bututun mai.

Ga mai shirin sayen mota

Kada ƙyallin bodi ya ruɗe ka. Ka je da makanikinka da rana, ku shiga ƙarƙashi. In ka ga an mulke ko'ina da sabon baƙin fenti mai kauri, har kan notuna da robobi, ka tambayi abin da ake ɓoyewa. Ka ƙwanƙwasa ka ji da kunnenka kafin ka biya.

Bayan an gama

Fenti ba ya hana kula. Duk ranar da ka ɗauki taki ko gishiri, ka shimfiɗa tamfol ko leda, in ka sauke ka share ka wanke. In dabbobi ne, ka zuba yashi ko ƙaiƙayi a daɓe, ka kwashe shi a ranar. Da damina ka riƙa wanke ƙarƙashi, ba sama kaɗai ba. Kada ka ajiye mota cikin ciyawa ko inda ruwa ke kwanciya. Kowace shekara, da zarar an gama kaka, ka leƙa ka taɓa inda ya ƙarce.

Wannan bayani bai tsaya kan mota ba. Amalanke da garmar shanu da baro da tirelar tarakta da Keke Napep duk ƙarfe ne, kuma hanyar ɗaya ce: a wanke, a busar, a kankare, a shafa ja, a rufe da baƙi. Mutum uku ko huɗu a tasha ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi fenti da buroshi, su taya juna aikin. Kuɗin 'yan gwangwanayen fenti da wahalar kwana uku ba za a haɗa su da kuɗin sauya shasi ba, balle ran fasinja. Rigakafi ya fi magani.

Muna roƙon malaman azuzuwan yaƙi da jahilci su karanta wannan shafi tare da ɗalibansu, musamman direbobi da yaran mota da masu amalanke. Wanda ya karanta kuma ya gaya wa wanda bai samu gani ba. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a abin hawa, amin.