Tallar Gyaɗar Da Ta Gama Duniya

Duk wanda ya tashi a Kano ko Gusau ya san muryar mai tallar gyaɗa. To, a birnin Habana na ƙasar Kyuba ma akwai masu wannan sana'a, suna yawo da dare suna kiran masu saye da murya mai daɗi. Kiran nan nasu shi wani mawaƙi mai suna Moises Simons ya ɗauka a ƙarshen shekarun 1920, ya yi waƙar da ya kira "El Manisero", watau mai sayar da gyaɗa.

Cikin 1930 ƙungiyar makaɗan Don Azpiazu ta je Niyok ta Amurka, aka ɗauki waƙar a faifan kamfanin Victor, Antonio Machin ne ya rera ta. Kafin a ce haka faifan ya bazu ko'ina. Louis Armstrong ya yi nasa, Stan Kenton kuma ya yi nasa cikin 1947, inda Machito, mutumin Kyuba, ya kaɗa masa caki. Irin wannan gamin gambizar jaz na Amurka da gangunan Kyuba shi ake kira jaz na Latin.

Abin tambaya shi ne, ina mutanen Kyuba suka samo wannan kiɗa? Amsar tana nan kusa da mai karatu. Shekara da shekaru ana kwasar bayi daga gaɓar Afirka ana kai su gonakin rake na Kyuba, ba a soke bauta a can ba sai 1886. Cikinsu akwai Yarbawa da yawa, waɗanda can ake kira Lukumi, da mutanen Kwango, da na wajen Kalaba. An raba su da gida da dangi, amma ba a raba su da kiɗansu ba. Gangar bata da ake ji a Oyo da Ibadan, har yau ana buga ta a Habana da Matanzas. Kiɗan nan ya gamu da jita da salon waƙar Sifaniya, aka sami abin da suke kira "son".

Daga nan sai kiɗan ya juyo gida. Cikin 1933 kamfanin HMV na Ingila ya fara buga faya-fayen garmaho masu lamba GV don kasuwar Afirka, na farkonsu kuwa waƙar mai gyaɗa ce. Jiragen ruwa suka sauke su a Dakar da Ikko da Matadi. Samari ba su jin Sifaniyanci, amma jin gangar ke da wuya sai suka gane ta. A Kinshasa, Joseph Kabasele da Franco suka ɗauki salon, suka sa masa harshen Lingala. Da yake an rubuta "rumba" a jikin faya-fayen, sai sunan ya bi kiɗan nasu. A Gana ma E. T. Mensah ya shigar da gangunan Kyuba cikin hailaif, makaɗan Ikko suka bi sahu.

Cikin 1974 Celia Cruz da makaɗan Fania suka yi wasa a Kinshasa, gabanin damben Muhammad Ali da George Foreman, jama'a suka karɓe su hannu bibbiyu. Cikin 2021 hukumar UNESCO ta sa rumbar Kwango cikin kayan gadon duniya.

Sai dai faifan garmaho ba ya jure wahala, da ya faɗi ya fashe, zafi kuma yana lanƙwasa shi. Saboda haka wanda ya gaji irin waɗannan faya-faye a akwatin mahaifinsa, kada ya zubar. Ya goge su da tsumma mai laushi, ya jera su a tsaye inda rana ba ta kai. Tarihin 'yan'uwanmu ne da aka raba da gida ke ciki.